Hajiya Ta Tashi, Saura Kan Giya

Zuwa ga Uwata, 'yata ta fari, ma'aikaciyar jinya a ƙasar Ingila.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da takwarana. Mu ma a nan Panshekara lafiya ƙalau muke, ban da gwiwata ta hagu, wadda ta daɗe da ficewa daga jam'iyyata. Ummanki tana gaishe ki. Ba ta ce in faɗa ba, amma na ga gaisuwar a fuskarta.

Dalilin rubuto miki wannan takarda, kuma a fili inda kowa zai leƙa, maimakon in kira ki a waya mu yi ta "kina ji na, ina jin ka", shi ne ina neman shaidu. Kin san bokon ubanki a aji huɗu ya yi faci, kuma har yau ba a samu mai liƙi ba. Saboda haka duk inda kika ga waƙafi ya zauna a kujerar aya, ki yi haƙuri ki tashe shi. Da yatsa ɗaya nake rubutun nan, shi ma yatsan ya sha sanfefa.

Kin tuna ranar da za ki tafi? An fito da akwatunanki tsakar gida, Ummanki ta shige kicin tana ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Na tambaye ki yaushe za ki dawo. Kika dubi tsohuwar motar nan da ke ƙarƙashin darbejiya, kaji suna shiga suna fita, kika daki bayanta da tafin hannu kika ce, "Baba, ranar da akurkin nan ya tashi da ƙafarsa, ranar zan dawo." Kowa ya yi dariya. Ni na fi kowa yi, don ni ne shugaban masu dariya a gidan nan. Amma washegari da safe na ba kajin notis.

Uwata, akurki ya tashi.

Bari in ɗan koma baya saboda masu leƙe, kada su ɗauka ubanki ya taɓa yin arzikin sayen mota. Lokacin da kamfanin gadajen ƙarfe da na yi wa aikin feshin fenti a Bompai zai rufe, an ce mu tsofaffin ma'aikata kowa ya ɗauki abu ɗaya na tunawa cikin kayan da suka rage. Masu hankali suka ɗauki fanka. Wani ya ɗauki firji. Abokina Bulus mai walda, mutumin Zonkwa, ya ɗauki injin waldar da har yau da shi yake ci. Ni kuwa na zagaya bayan sito, na ɗaga wani tamfol, na ga wata 'yar mota da wani manaja Bature ya tafi ya bari tun kafin a ɗauke ni aiki. Ƙofa biyu, kujera biyu, ba rufi, ga dogon hanci ga gajeren baya, tana kwance a ƙasa kamar kada yana shan hantsi. Irin motocin nan na tsere da ba a ƙera su don ɗaukar buhun masara ba. Na ce ita nake so. Sai da aka sake tambayata, ko ban ji tambayar da kyau ba.

A bayan wata babbar mota ta Dakata aka kawo ta, kuma sai da muka rushe gefen katanga kafin ta shiga gida. Ummanki ta fito ta zagaya ta, ta ce, "Malam, an sallami mutane da abin shan iska, kai an sallame ka da akurki." Kaji suka ji, suka amince.

Ke kaɗai kika goyi bayana. Kina 'yar mitsitsiya, sai ki kori kajin ki haye kujerar direba kina tuƙi da baki, ni ina gefe a matsayin fasinja. Kin kai ni Legas. Kin kai ni Makka. Wata rana kika sauke ni a Zariya, wai na cika surutu. A lokacin ne kika kwance kan sandar giyar motar, wannan dunƙulen katakon mai siffar ƙwai, kika ce naki ne. Da shi kika yi firamare, yana cikin jaka. Da shi kika yi karatun jinya, kina mirgina shi a tafin hannu kina haddar sunayen ƙasusuwa. Kuma na san ya bi ki Ingila, don na hango shi a kan tebur ranar da kika zagaya da mu ɗakinki ta waya. Na ajiye a raina. Hujja nake tarawa.

To, da kaji suka tashi, sai na gane abin da suka yi shekara da shekaru suna ajiyewa a ciki ba ƙwai kaɗai ba ne. Ƙasan motar ya ruɓe gaba ɗaya. Na tafi Bompai na ɗauko Bulus. Ya leƙa, ya soka yatsa a jikin ƙarfen, yatsan ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ya ce, "Sale, wannan ai tayar da matattu ne. Kuma a littafinmu da naku duka, ba kai aka ba wannan aikin ba." Na ce na ji wa'azi, amma ya zo da guduma. Aka sake rushe katangar.

Bulus ya tafi da gangar jikin motar zuwa garejinsa. Ni na kwaso ƙananan kaya na zauna da su a gida: notuna, kusoshi, hannayen ƙofa, zobban fitilu, madubi, da ragar gaba, wato ƙarfen nan mai haƙora da ke bakin mota. Don kada su cakuɗe, sai na raba su cikin kwanukan Ummanki na kabad, waɗanda tun ranar jerenta ba a taɓa zuba musu ko ruwa ba. Ta dawo daga unguwa ta buɗe langa ta ga notuna. Ranar dai a murfin tukunya aka kawo min tuwo, aka ce in yi haƙuri, kwanuka duk suna bakin aiki.

Maganin tsatsa kuwa a kicin ɗinta na samo. Ruwan tsamiya. In ka jiƙa ƙarfe a ciki ya kwana biyu, ka bi shi da burushi, sai ya fito fes kamar bai taɓa sanin damina ba. Na yi ta ɗiba a hankali, ina cewa ɓera ne. Muka daɗe muna shan kunun tsamiyar da tsamiya ba ta halarta ba.

Sai aikin kankara. Kullum da safe in hau adaidaita zuwa garejin Bulus, shi yana yankan ƙarfe yana liƙa sabon ƙasa yana rera waƙoƙinsu na coci, ni ina bin jikin motar da sanfefa. In an kira salla ya ajiye guduma har in idar, ni kuma ranar Lahadi ko wayarsa ba na kira. Fentin sama ja ne. Na kankare, na tarar da fari. Na kankare farin, sai ga kore mai duhu can ƙasa, asalin wanda aka haife ta da shi. Ana farawa da sanfefa mai kaushi, a dawo mai laushi, ana yi ana zuba ruwa, har sai ka rufe ido ka shafa ba ka ji tudu ko kwari ba. Na yi ta gogewa har zanen yatsuna ya tafi. Wayar nan da kika aiko min mai buɗewa da yatsa ta daina gane ni, ta ɗauka sato ta aka yi.

Akwai abin da ban faɗa miki a waya ba: hannuna ya fara rawa. Ba wani abin tashin hankali ba ne, shayi dai yanzu rabi nake sha, rabi riga ta sha. Don haka ranar feshi na ji tsoro. Fenti ba ya yafiya. In hannu ya tsaya wuri ɗaya sai ya zubo kamar hawaye, in ya yi sauri sai ya fito kamar fatar lemo. Na yi bisimilla na ɗauki bindigar feshin. Uwata, hannun nan da yake zubar da shayi, da ya ji nauyinta sai ya tuna ko shi wane ne. Daga hanci har baya, shara ɗaya, ba gargada. Da na gama sai na ji garejin ya yi tsit, ashe Bulus ya daina waƙa. Ya cire hularsa ya ce, "Tsohon banza, ashe kana nan." Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Na nuna wa Ummanki hoto ina jiran yabo. Ta duba ta ce, "Miyar kuka." Na ce mata Turawa suna da wani suna mai tsada da suke kiran wannan launin. Ta ce su ma in sun ga miyar za su gane.

Fatar kujeru a Challawa na samo, wajen masu jima. Na zaɓi ruwan zuma mai laushi, na kai wa mai kushin. Warin wurin ya rako ni har gida, ranar a zaure na ci abinci.

Yanzu ki gyara zama, ga inda bokon ubanki da Hausarsa suka haɗu suka kayar da shi.

Kayan ƙyallin nan, wato ragar gaba da zobban fitilu da hannayen ƙofa da madubi, asalinsu farare ne tas kamar sabon cokali. Tsamiya ta cire musu tsatsa amma ba ta maido da ƙyallin ba. Aka kwatanta min wani Malam Isufu, mutumin Damagaram, a Sharada, bayan wani kamfanin robobi. Yana da manyan bahuna da wayoyin lantarki, yana tsoma ƙarfe a ciki ya fito da sabuwar fuska. Na tarar da shagonsa cike da farantai da butocin shayi da kawunan gado da sarƙoƙin mata. Wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa na zube kayana na ce, "Malam Isufu, a wanke min su. So nake su fito kamar amarya." Ya dube ni ya ce, "Wankin gaske?" Na bugi ƙirji na ce, "Na gasken gaske."

Ke kin sani, duk macen da ke karanta takardar nan ta sani, in an ce za a kai sarƙa wanki ba maganar sabulu ake ba, ruwan gwal za a sake yi mata. Ni ban taɓa mallakar sarƙa ba.

Ranar da na koma karɓa, Malam Isufu ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera su, ya rufe da wani ƙyallen, sai da na zauna sannan ya yaye. Uwata, sai da na kare idona. Gwal. Ragar gaba gwal, zobba gwal, hannayen ƙofa gwal, har ɗan murfin tankin mai bai tsira ba. Na ce, "Malam Isufu, ai farare ne!" Ya ce, "Kai ka ce amarya. A garin nan ka taɓa ganin amarya da azurfa?" Ga shi mutumin sai murmushi yake yi, yana cewa tun da ya zo Kano bai taɓa yin aikin da ya yi masa daɗi kamar wannan ba. Na ce Allah ya yi albarka, na kwashe kayana.

Bulus ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Ya ce a mayar a sake. Ni ma niyyata ke nan. Amma na ce bari mu ɗaura tukuna mu ga iyakar abin kunyar. Muka ɗaura. Koren nan mai duhu, ga ragar gaba tana walƙiya, motar ta zama kamar wadda ta washe baki tana jiran a yi mata barka da sauka.

Ranar ce Ummanki ta fara taka ƙafarta garejin, wai ta biyo hanya ne daga dubiya. Ta tsaya a gaban motar. Ta dube ta, ta dube ni. Sai ta ce, "Ikon Allah. Malam, motar ta riga mai ita zuwa Makka, har ta sa haƙori." Daga nan dariya ta kama ta. Kin san dariyar Ummanki ta gaske, wadda take rufe baki da gefen mayafi kafaɗunta suna rawa? Rabon da in ga wannan dariyar tun kina gida. Da ta lafa, sai na ga ta matsa ta sa gefen mayafin tana goge wani ɗan shatin yatsa da Bulus ya bari a zoben fitila. Na ce mata za a mayar a yi fari. Ta ce, "A bar wa Hajiya haƙoranta."

Shi ke nan. Suna ya kama, gwal ya zauna. Duk wani masanin tsofaffin motoci da zai ga hoton ya ji zuciyarsa ta yi zafi, ya sha ruwa. Ba don shi na yi ba.

Injin kuwa wani tsohon makaniki maƙwabcin Bulus ne ya yi ta lallashinsa, yau kafireta, gobe fulogi, jibi lagireto. Ran nan da hantsi ya ce in shiga in murza. Na shiga, na kai hannu zan duba giya, na ji sandar ƙarfe tsirara, ba kai. Bulus ya waiwaya, ya ga mai tallan goruba, ya sayi ɗaya, ya huda ta, ya ɗaura. Na murza makulli. Hajiya ta yi tari. Na sake, ta yi atishawa, ta watsa wa makanikin baƙin hayaƙi a fuska. Na ce, "Haba Hajiya, 'yar nan fa ta yi alkawari." Na sake murzawa. Sai ta ɗauka. Wata irin murya mai kauri, daga can cikin ƙirji, har kwanon rufin garejin yana amsawa. Bulus yana "Haleluya", makaniki yana kabbara, ni kuwa hayaƙi ne ya shiga idona, kada wani ya faɗa miki wani abu daban.

Ni na tuƙo ta da kaina daga Bompai har Panshekara. Tun kafin in fita daga layin iska ta tafi da hulata, ban tsaya ba, wanda ya tsinta na bar masa. Motar ƙasa-ƙasa ce ƙwarai, in tirela ta jero da ni cikinta nake gani. Wani direba ya leƙo daga can sama ya ce, "Baba, ina sauran motar?" Wani mai adaidaita ya bi ni yana, "Alhaji, a ina ake biki?" Karo na farko ke nan da aka kira ni Alhaji, shi ma albarkacin haƙoran Hajiya. Da na iso ƙofar gida duk unguwa ta fito. Na kashe mota, na buɗe ƙofa cikin isa, sai gwiwa ta ce ba da ita ba. Maƙwabta ne suka ciro ni kamar ana zare ƙusa daga katako.

Ban ɗauko kowa ba a wannan tafiyar, kuma ba rowa ba ce. Da mai kushin ya kawo kujeru, Bulus ya so ya gwada ta fasinja. Ummanki ta hana. Na ce to ita ta shiga in kai ta gida, matar mai mota guda. Ta ce ita adaidaita ta ishe ta. Ta kwance wani tsohon zaninta ta lulluɓe kujerar, ta soke gefe da gefe, ta ce, "Ta 'yar nan ce." Kin san ta da kunyar 'yar fari. Ba ta taɓa kiran sunanki ba, a waya ma daga "ya aiki" sai "to madalla" ta miƙo min. Ni da na sa miki sunan mahaifiyata na fake da shi na yi ta rashin kunyata, ita ba ta da wannan mafakar. To, ga abin da ta daɗe tana son faɗa miki, ta faɗe shi da zani. Kullum da safe sai ta yaye shi ta kaɗe ta mayar.

Na san ba ƙin zuwa kike yi ba. Yau aiki, gobe takardu, ga haihuwa, ga hutun da ba ya haɗuwa da na maigidanki. Duk na yarda. Amma takwarana ya yi rarrafe, ya miƙe, yanzu har gudu yake yi, ban taɓa jin nauyinsa a hannuna ba. Kin ce in mun gama magana yakan juya wayar yana leƙa bayanta yana nemana. Na yi dariya da kika faɗa. Daga baya na fita na je na zauna a cikin Hajiya na ɗan jima.

Saboda haka ga ƙarata a gaban shaidu. Kin ce ranar da akurki ya tashi da ƙafarsa. Ya tashi, duk Panshekara ta gani, akwai hoto. Wani mai injin sassaƙa a Bompai ya ce zai yi min sabon kan giya, in na so ma a kai wa Malam Isufu ya wanke. Na ce a'a. Komai na jikin motar nan na kankare shi, na goge, na fesa, wani na ɓata shi da bakina. Abu ɗaya ne ba ya neman gyara, don santsinsa hannunki ne ya yi shi tun kina ƙarama, kuma ba a sayar da irin wannan sanfefar.

Kada ki sa shi a ambulan. Kada ki ba wani mai zuwa Kano ya kawo. In ya zo shi kaɗai zan mayar da shi. Da hannun da ya kwance shi nake so a ɗaura shi. Sannan a yaye zanin, ki zauna, ki ɗora takwarana a cinya, wannan karon ni zan tuƙa. In kika cika surutu, kin san inda Zariya take.

Allah ya tsare min ku a inda kuke. Allah ya sa albarka a hannun da kike jinyar bayinsa da shi, ya raya takwarana ya ba shi ilimin da ya wuce aji huɗu. Allah ya saka wa Bulus da alheri, ya ƙara wa Malam Isufu kasuwa da yawan tambaya kafin aiki. Allah ya buɗe miki hanya, ya sa muna da rabon ganawa ido da ido, ni da Ummanki muna da sauran ƙarfin tarbarku. Amin.

Ni ne naki,
Sale Mai Fenti, direban Hajiya,
Panshekara, Kano.

Na manta ban faɗa ba. Ki ɗan hanzarta. Yau da safe na tarar ɓera ya ci rabin gorubar, wannan karon ɓeran gaske. In ya cinye, ba zan ɗaura wata ba.